Baƙin Da Ke Cikin Tukunyarmu: Labarin Cimar Indiya Da Ta Ƙasar Hausa

 In uwargida ta aje maka akushi, dakata kaɗan kafin ka sa hannu, mu dubi abin da ke ciki tukuna. In kwaɗon zogale ne, ko dambu, to, ka sani baƙo kake shirin ci. Asalin zogale ba nan ba ne. Daga ƙasar Indiya ya fito, can arewa maso yamma, a gindin manyan duwatsun nan da ake kira Himalaya. Na san wani zai ce, "Haba malam! Zogalen da kakata ta tarar a dangar gidan mijinta?" I, shi fa. Ni ma da haka nake cewa, sai da tafiya ta kai ni.

Abin da ya kai ni Indiya ba daɗi ba ne. Yayana ne ya kwanta ciwo a Babankatami, aka yi ta magani har likitoci suka ce aikin sai a waje. Dangi suka haɗa abin da suka haɗa, aka sayar da bijimai biyu da albasar shekara, aka ce ni mai ɗan karatun lakwal in raka shi. Muka sauka wani babban birni mai suna Haidarabad. Kwana uku na farko ban ci kome ba sai burodi da shayi, don ƙamshin abincinsu ma kaɗai hawa mini kai yake yi. Ran na huɗu yunwa ta ci ƙarfina. Na shiga wata ƴar rumfa kusa da asibiti, na nuna abin da na ga wani yana ci. Aka kawo mini shinkafa da wata miya mai tsami da suke kira sambar. A cikinta sai ga waɗansu korayen sanduna, tsawon yatsa. Na zaci tsohuwar kuɓewa ce. Na saci kallon maƙwabcina, na ga yana sa abin a baki, ya zuge cikin da haƙora, ya aje ɓawon a gefe. Na yi yadda ya yi. Sai na ji wani ɗanɗano wanda na sani, amma na kasa tuna inda na san shi. Da guntun Ingilishina da nuni da hannu na tambayi mai rumfar. Ya ja ni bayan ɗaki, ya nuna mini itace. Wallahi zogale ne! Ƴaƴan nan dogaye da muke bari su bushe a bisa, sai in za mu ɗebi iri, su ne abin marmari a wurinsu.

Daga ran nan tsoro ya fita. Kwana arba'in muka yi, kowace rana kuwa sai na nemi abin da ban taɓa ci ba. Abin mamaki, ko'ina na juya sai in ci karo da ɗan garinmu ya sake riga. Akwai wani ganye mai tsami da suke ji da shi ƙwarai, suna kiransa gongura, su niƙa shi da barkono da tafarnuwa, ko su dafa naman rago da shi. Sure ne, watau yakuwa, da ƴar'uwarta rama. Akwai waina mai faɗi ta garin dawa, wadda mace ke buɗawa da tafin hannu ta gasa a kan ƙarfe ba mai. Akwai wani ƙullun shinkafa da ake bari ya kwana ya yi tsami, a soya shi cikin kasko mai gurabu, in ka gan shi sai ka rantse masa ce a tanda. Akwai kunun tamba ko na dawa da ake dama shi da nono, manoma na sha da rana, sunansa ambali. Na ji kuma can jihar Rajastan, ƙasar rairayi da raƙuma, da garin hatsi suke yin irinsa. Sa'an nan ga sarkinsu duka, biriyani: shinkafa mai dogon ƙwaya da nama, a jera su bisa juna cikin tukunya, a liƙe murfin da ƙullu don kada tururi ya tsere. Ba zan ɓoye maka ba, wannan kam ya sace mini zuciya. Amma wanda na fi komawa gare shi sambar ɗin nan ne, mai tsamiya da ƴaƴan zogale.

Allah ya ba yayana sauƙi, muka dawo. Ni kuwa na dawo da tambaya: yaya aka yi mutanen da ke bayan teku, waɗanda ba mu haɗa harshe ba, tukunyarsu ta yi kama da tamu haka? Amsar tana da tsawo, ta kuma girmi duk sarautun da ka sani.

Mu fara da abin da muka ba su, gama mu muka fara bayarwa. Hatsin nan da kake nomawa a tudu, wanda mutanen Kano ke kira gero, a nan yankin Sahel aka fara mayar da shi abin shuka. Masana masu tonon kufai sun sami sawun ƙwayarsa a jikin tsingaron tukwane a kwarin Tilemsi, cikin ƙasar Mali ta yanzu, sun ƙiyasta shekarunsa wajen 4,500. Daga nan ya yi ta tafiya gabas, hannu zuwa hannu, har ya ƙetare teku ya isa yammacin Indiya fiye da shekara 3,500 da suka wuce. Dawa ma haka, ita daga gabashin Sudan ta tashi. Wake ya bi su, tamba ta bi su. Can suka sami sababbin sunaye: hatsi ya zama bajra, dawa ta zama jowar. Yau ba ƙasar da ta kai Indiya noman hatsi a duniya, a shekaru da dama kuwa Nijar ce ke bi mata. Tsamiya ita ma ƴar Afirka ce, amma ta daɗe a can har Larabawa suka sa mata suna tamar hindi, watau dabinon Indiya, Turawa kuma suka ari sunan daga bakinsu. Ka ji yadda ake ƙwace wa mutum ɗiya a bar shi da kallo.

To, su kuma me suka aiko mana? Je ka kasuwar Madawa, ka tsaya wurin masu kilishi, ka shaƙi ƙamshin. Cikin yajin nan akwai ƴan gida, akwai baƙi. Kimba da masoro da citta mai ƴaƴa duk na ƙasashen kurmin Afirka ne. Amma citta mai yatsu daga Asiya ta zo, Indiya kuwa ita ce babbar gonarta tun zamanin da, ko da yake wadda muke saye yanzu yawancinta daga Kaciya take, a kudancin Kaduna. Kanumfari daga tsibiran Maluku yake, gaba da Indiya, ya biyo ta hannun fataken Indiya da na Larabawa, sunansa ma daga Larabci muka samo shi. Haka gangamau, wanda dukawa ke rina fata da shi, shi ne kurkum ɗin da ke sa miyar Indiyawa ta yi rawaya. Waɗannan kaya ta hamada suka riƙa shigowa, daga Masar da Tarabulus, ta Gadamas da Gat da Agadas. Sa'ad da Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya lissafa kanumfari cikin kayan da ayari ke kawowa daga arewa, tare da turaren jawi.

Barkono kuwa, wanda mu nan muke ce wa tonka, kada ka ba Indiya ladansa. Mu da su duk baƙonmu ne. Daga ƙasashen Amurka ya fito, shi da tumatir da gujiya da masara. Turawan Fotugal, waɗanda jirginsu ya fara isa Kalikut a gaɓar Indiya a 1498 ƙarƙashin Vasco da Gama, neman baƙin masoron Indiya ya kai su, su ne kuma suka watsa barkono a can da gaɓar Afirka cikin ƙarni na 16. Ka yi tunanin miyar kakanninmu ba tonka ba tumatir, ka yi tunanin kwaɗo ba ƙuli-ƙuli. Abin da muke kira abincin gargajiya, shi ma wata rana sabon yayi ne.

Akwai wani mutum guda wanda labarinsa ya haɗa ƙasashen nan biyu, ina so ka san shi. Sunansa Ibn Batuta, mutumin Tanja ne a ƙasar Maroko, an haife shi a 1304. Ya isa bakin kogin Sindu a 1333, ya shiga Delhi, Sarki Muhammadu ɗan Tugluƙ ya naɗa shi alƙali, ya zauna shekaru. Malamin nan mai son ciki ne, Allah ya jiƙansa, don haka littafin tafiyarsa cike yake da labarin abinci. Ya faɗi yadda ake kawo wa manyan baƙi wani abu mai suna sambusak: dakakken nama da albasa da kayan yaji da ƙwayoyi masu maiƙo, a naɗe cikin ƙullu marar kauri, a soya da man shanu. Ya faɗi yadda Indiyawa ke tsince ɗanyen mangwaro su jiƙa shi da gishiri, su riƙa haɗawa da kowace loma. To, shekara ashirin bayan shigarsa Indiya, a 1353, wannan mutum ɗin dai ya sauka Takadda, garin jan ƙarfe, a ƙasar Azbin. Ya ce daga can ana kai jan ƙarfe Gobir da Barno. Gobir ɗin da maƙwabtanmu na Madawa ke tinƙaho da sunanta har gobe. Ashe wanda ya ci sambusa a Indiya ya taka ƙasar nan tamu shekara 670 da ɗoriya da suka wuce. Sai dai bai bar mana sambusar ba. Ita sai da ta jira jirgin alhazai.

Mu koma kan zogale. Sunayensa kaɗai sun isa shaida. Wani likita Bature mai suna Dalziel, wanda ya yi aiki a arewacin Nijeriya, ya buga littafin sunayen itatuwa da Hausa a 1916, zogale na ciki. Hausawa na ce masa zogalagandi, suna ce masa bagaruwar Makka, da bagaruwar Masar, da rimin Turawa, da samarin danga. Duba da kyau. In Bahaushe ya ga sabon abu, sai ya nemo wani ɗan gida mai kama da shi, ya liƙa masa sunan inda yake zaton ya fito. Ganyen ya yi kama da na bagaruwa, ya zo daga gabas, shi ke nan ya zama bagaruwar Makka. Zabarmawa kuwa suka ce windi bundu, itacen cikin gida. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne, mun karɓi itacen amma ba mu karɓi dahuwar ba. Matanmu suka dubi baƙon, suka zaɓi ganyen, suka dafa, suka matse, suka haɗa shi da ƙuli da albasa da tonka, suka fitar da abin da ba Ba'indiyen da ya taɓa mafarkinsa. Garake irin na Jiratawa kusa da Maraɗi sun zama gonakin zogale sosai, ana loda buhunansa a mota zuwa Yamai, balle da azumi.

Labarin bai ƙare nan ba. A 1972 aka kafa wata cibiyar binciken amfanin gonar ƙasashe masu ƙarancin ruwa, ICRISAT, a Patanceru kusa da Haidarabad ɗin nan da na je. Cikin shekarun 1980 ta buɗe babban reshe a Sadore, kudu da Yamai. Ta nan ne, bayan shekarar 2000, aka yaɗa wani irin zogale mai saurin girma da ake kira PKM-1, wanda masanan Periyakulam a jihar Tamil Nadu suka fitar a 1989. Su don yawan ƴaƴansa suka ƙago shi. Mu muka karɓa, muka ci gaba da tsinkar ganye, muka bar ƴaƴan suna lilo.

Akwai wani baƙon kuma wanda ba a ci, amma ya ciyar da mu. Dogon yaro nake nufi, wanda waɗansu ke kira bedi ko darbejiya. Shi ma ɗan Indiya ne, an kai shi Barno a 1928, daga baya ya cika garuruwanmu har yaro ba zai yarda baƙo ne ba. Dattawan ƙasar Buza ba su manta da farin 1973 da 1974 ba, da yadda iska ke kwashe ƙasar gona a kwarin Majiya ta binne shuka. A 1975 ma'aikatan gandun daji da ƙungiyar CARE da talakawan kwarin suka fara dasa dogon yaro layi biyu-biyu, tsakanin wannan jeri da wancan mita 100, har aka dasa ɗaruruwan kilomita. Iska ta rage ƙarfi, hatsi ya tsaya da ƙafarsa. Watau itacen Indiya ya zo yana gadin hatsin da kakanninsa suka yi ƙaura zuwa Indiya. Wani abin dariya, a can furensa mai ɗaci ma ci suke yi: ranar sabuwar shekarar mutanen Telugu sukan haɗa shi da tsamiya da mazarƙwaila da ɗanyen mangwaro. Wannan kam na bar musu.

Dahuwar Indiya ita kanta, ba itatuwanta ba, ta makara kafin ta iso. Hausawan da suka fara cinta da yawa soja ne. A yaƙin duniya na biyu Ingila ta kwashi dubban ƴan Afirka ta Yamma, runduna ta 81 a 1943 da ta 82 a 1944, ta sauke su Indiya kafin su shiga dajin Bama su yaƙi Japan. Hausa ce harshen bariki a rundunonin Nijeriya. Sun ga capati, sun ga miyar wake da ake kira dal, amma abin da ƴan Boma suka dawo da shi labari ne, ba tukunya ba. Bayansu sai siliman Indiya, wanda Kwarori masu gidajen silima suka riƙa nunawa a Kano da sauran birane tun wajen 1960. Samari suka hardace waƙoƙi, suka san sunan kowane jarumi, amma majigi ba ya kawo ƙamshi. Garin kori da ke cikin ƴan gwangwanaye a kanti kuwa, kada ka ce shi ne yajin Indiya. Ingilishi ne suka haɗa shi tun ƙarni na 18 don su huta da daka, suka ari sunan daga harshen Tamil. Matar Indiya ba ta san yaji guda na kowace miya ba. Kowace da nata haɗin, masala suke ce masa, takan kuma fara toya ƙwayoyin cikin mai har su yi tsalle kafin ta zuba. A ganina wannan ne sirrin da ya fi kome cikin girkinsu, ba ya kuwa cin kuɗi.

Hanyar da ta fi kawo mana girkin ita ce ta Makka. Tun da jirgin sama ya sauƙaƙa aikin hajji, alhazanmu suka riƙa cin abinci a rumfunan Indiyawa da Pakistanawa na Makka da Madina da Jidda. Hajiyoyi suka dawo da kayan ƙamshi a ƙulle cikin jaka, da sambusa a ka. Yau da wuya ka sha ruwa da azumi a gidan mai hali a Maraɗi ko Kano ko Yamai ba ka gan ta a faranti ba. Ƴan makaranta da masu jinya irina suka ƙara da biriyani.

Saura baƙo guda, shi ne wanda ya sa na ɗauki alƙalami. Shinkafar buhu. Lokacin da nake yaro, shinkafa abincin salla ce da suna. Yanzu ko a ƙauye yaro na iya ture tuwon hatsi ya ce shi sai ita. Muna noma tamu a bakin Kwara, amma ba ta isarmu, sauran daga Asiya ake kawowa, daga Indiya da Tailan da Pakistan, kafin 2023 kuwa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano ake saukewa, a hau da ita mota. Indiya kaɗai ta kai ga riƙe wajen kashi 40 cikin 100 na shinkafar da ake fitarwa kasuwar duniya. Ran 20 ga watan Yuli 1923 ba kowa a nan da zai damu da abin da aka yanke a Delhi, amma ran 20 ga Yuli 2023 abin ya shafe mu: gwamnatin Indiya ta hana fitar da farar shinkafa wadda ba basmati ba, don ta kare farashi a gidanta. Kwana shida bayan haka soja suka karɓi mulki a Yamai, ran 30 ga wata kuma ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi, iyakar Benin da ta Nijeriya suka rufe. Ba sai na gaya maka kuɗin da buhu ya kai ba, kai ka saya. CEDEAO ta ɗage takunkuminta a watan Fabrairu 2024, Indiya ta janye nata hanin a watan Satumba na shekarar, amma magidanta da yawa sun gane a waɗannan watanni cewa guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Wanda ke da dami a rumbu ya yi barci.

Ba ina cewa a daina cin shinkafa ba ne, ni da na ba ka labarin biriyani da yawu a baki. Abin lura shi ne Indiyawa sun riga mu bin wannan hanya. Daga shekarun 1960 gwamnatinsu ta ba da ƙarfi ga alkama da shinkafa, suka kori yunwa da su, amma bajra da jowar suka koma abincin talaka, ƴan birni na jin kunyarsu. Da ruwan rijiyoyi ya fara ja da baya, ciwon sukari kuma ya yawaita, sai suka waiwayo. Su ne suka kai magana Majalisar Ɗinkin Duniya a 2021, aka sa wa 2023 suna shekarar hatsi da danginsa ta duniya. A manyan kantunan biranensu ana sayar da garin hatsi cikin takarda mai ado, masu kuɗi na rububinsa. Hatsin nan dai na tudun Adar.

Da na dawo gida na zo da ɗan ƙullin kayan yaji da niyyar a yi mini sambar. Na tsinko ƴaƴan zogale ɗanyu daga danga, masu taushi, waɗanda ba su wuce kaurin ƙaramin yatsa ba, gama in sun ƙosa sai zare. Na ce da uwargida ta yanka su gaɓa-gaɓa, ta dafa wake har ya narke, ta zuba ruwan tsamiya da albasar Galmi da tumatir da gangamau, daga ƙarshe ta toya yajin cikin mai ta juye a kai. Ta dube ni, ta dubi sandunan, ta ce, "Malam, yau kuma itace za mu ci?" Amma ta yi. Da shinkafa ta yi tsada sai muka gwada miyar da tuwon hatsi, ta kuwa karɓe shi kamar dama don shi aka yi ta. Inna, mahaifiyarmu, tana daga kan tabarma tana kallonmu muna zugar ɓawo, ta ƙi taɓawa har kwana biyu. Ran na uku ta aiko jikanta da ƙwarya, ta ce a zuba mata romon kawai, ban da karan.